Awa Uku Ne Fa

Mama ta yi shekara da shekaru tana naɗe akwatunan matafiya da leda a filin jirgi, tsakanin ma'aunin kaya da mai sayar da kwaɗon kulle akwati. Tafin hannunta duk ya yi kanta, bakinta kuwa sai wanda ya taɓo ta ya sani.

Kafin wannan aikin, jinyar Kaka ta yi. Ita ce juyi, ita ce wanki, ita ce ɗura magani da cokali. Yayanta, wato Kawu, yana aiki a wata ƙasa. Duk kiran da za ta yi masa amsar ɗaya ce: "Ke ba ki san nisan wurin nan ba ne, ƙanwata. Ba a tashi a taho haka kawai." Mama ba ta taɓa hawa jirgi ba, sai ta yarda. Har kare shi take yi a gaban dangi. Kaka ta cika, idonta na kan ƙofa, bai zo ba.

Mama ba ta daɗe da kama aiki ba wata mata ta kawo akwati, ta ambaci birnin da Kawu yake. Mama ta dage ta yi ta nannaɗa leda, rufi kan rufi, har akwatin ya koma kamar katifa.

"Baiwar Allah, ya isa haka mana!" in ji matar.

"Ai kayan da za su kwana biyu a sama sai an ƙarfafa su," in ji Mama.

Matar ta kwashe da dariya. "Wane irin kwana? Awa uku ne fa. In na tashi da safe, a can zan ci abincin rana."

Almakashi ya suɓuce daga hannun Mama. Awa uku! Ta sha yin fiye da haka a layin asibiti, Kaka na jingine a kafaɗarta. Ba ta kira Kawu ta wanke shi tas ba, ni kuwa wallahi haka na so. Ta haɗiye abin, ta bar shi yana dahuwa a ciki.

Bara tsufa ya koro Kawu gida, da sanda da hawan jini. Ya zauna a bakin kujerar ɗakinmu yana murza yatsu, ya kasa haɗa ido da ita. Abu ɗaya ne ya kawo shi, shi ne ya hana shi sukuni.

"Ke ce a kan mahaifiyarmu," ya ce. "Don Allah, ta ce wani abu game da ni?"

Ina wurin ranar da Kaka ta cika. Da kunnena na ji ta ce a gaya masa ta yafe masa duniya da lahira. Na dubi Mama. Ta gama yanke farcenta a natse, ta kakkaɓe cinyarta.

"Yaya, ko sunanka ba ta kira ba."

Kawu ya miƙe da ƙyar yana laluben takalmi. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni, ko ni zan ce wani abu. Na miƙa masa sandarsa.