Shibra a Gonar Kaka Lami

Duk cikin labaran da kakarmu Lami ta ba mu, akwai guda ɗaya da har gobe in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Ga ni na manyanta, ina zaune a Greensboro ta Amurka, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, amma haushin labarin nan bai sake ni ba. Abin takaicin ma, bara da bakina na maimaita shi a gaban mutane, don in ceci ɗana daga kora.

A ƙauyenmu na gefen Malumfashi mu 'yan coci ne tun daga kakanni. In an gama cin tuwo, mata sun kwashe kwanuka, Kaka ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta ƙara karan dawa, ta binne gyaɗa a toka, ta miƙe ƙafa a tsohuwar tabarmarta. Mu jikoki mu kewaye ta, kunne a wurinta, ido a toka, don wanda ya yi sakaci sai ɓawo. Ko sunanta ba ta iya karantawa, amma duk abin da aka karanto ranar Lahadi daga Littafi Mai Tsarki yana shiga kunnenta ya zauna daram. Sai dai kafin ya fito ya riga ya sa kayan ƙauyenmu. Sarakunan cikinsa fura suke sha, annabawa kuma a gindin tsamiya suke hutawa. In za ta ba da irin wannan labari takan gyara zama ta ce, "Yau ba ƙanzon kurege zan ba ku ba. Wanda zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu."

Ni labaran hukunci nake so. A ba ni ruwan tufana, a ba ni wutar da ta sauko wa garuruwan masu mugunta, a ba ni tekun da ya rufe kan rundunar azzalumin sarki. Ina kuwa da dalili. Akwai wani Tanko da gonarsa ta yi iyaka da ta Kaka. Tun da kakanmu ya rasu, kowace shekara garmarsa sai ta ci kunya guda daga tamu. Gambar da aka shuka a kan iyaka ya tumɓuke ta da rana tsaka. An kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce a yi haƙuri. Tanko kuwa wuyansa ƙara kauri yake yi, rumbunansa suna ƙaruwa, har babur ya saya. Duk labarin da ƙasa ta haɗiye wani a cikinsa, fuskar Tanko nake sa masa, in kwanta da farin ciki. Shi ya sa Kaka ta raɗa mini Alƙaliya.

Ita kuwa, kamar da gangan, labarin da ta fi so shi ne na mai gona. Wani maraice a farkon damina, an hura wuta don hayaƙi ya kori sauro, ta sake ɗauko shi.

Wai wani mutum ne ya shuka gero, iri mai kyau da ya adana a tulu tun bara. Bayan kowa ya kwanta, maƙiyinsa ya lallaɓo ya bi kunya-kunya yana zuba shibra. Wanda bai taɓa noma ba, shibra 'yar'uwar gero ce ta banza. Ganye ɗaya, kara ɗaya, tsayi ɗaya, ba ka rabe su sai sun fitar da kai, sannan ka ga nata siriri ne, ƙwayar tana zubewa tun kafin girbi. Da shuka ta tashi ta fi yawan irin da aka zuba, 'yan ƙwadago suka gane an yi ɓarna, suka ruga wurin mai gona suka ce ya ba su izini su tumɓuke ta. Ya ce a'a, garin cire shibra za su cire masa gero. A bar su su girma tare. Ranar girbi za a ware, a ɗaure shibra dami-dami a cinna mata wuta, gero kuma a kai rumbu.

Nan ta tsaya, ta sa kara tana tono gyaɗa.

Na ce, "To maƙiyin fa?"

"Ya koma gida ya ci tuwonsa ya kwanta."

"Ba abin da ya same shi?"

"Har da minshari."

Sauran yara suka fashe da dariya, ni kuwa kamar in yi kuka. Na ce wannan wane irin mai gona ne, an yi masa ɓarna ya naɗe hannu, shibra tana shan takin gero tana ƙiba. Kaka ta miƙo mini gyaɗa ta ce, "Alƙaliya, da ke ke riƙe da duniya, da tuni ta zama toka, har da akuyarmu. Tanko ma wata ce ta goya shi." Daga nan ta rufe da abin da take rufe irin waɗannan labaran, "Sauran yana hannun Mai gona, ku tashi ku kwanta."

Ban bari ta wuce haka ba. Na ce 'yan ƙwadagon nan ne ba su da ido, ni da ganin shibra zan gane ta. Washegari da yamma ta dawo daga gona da tsiro biyu a gefen zaninta, da ƙasarsu a jiki, ta shimfiɗa su a gaban wuta. Na juya su, na shinshina, na nuna na hagu ba ko shakka. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata, ta faɗi gaskiya in na ci. Ta ce, "Ina zan sani? Tun kafin a haifi ubanki nake noma, amma a wannan girman ni ma ban sani ba."

Muka dasa su a fasasshen tulu bayan ɗakinta, na ɗaura tsumma a kan wanda na yanke wa hukunci. Kullum ina ba su ruwa, ina auna su da ɗan yatsa, ina jiran ranar da za su fitar da kai in kunyata tsohuwa. Sun kai mini ƙugu, saura ƙiris, wata safiya na zagaya na tarar da akuyar gidanmu a tsaye tana tauna na ƙarshe, har da tsumman. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kotu ta tashi, Alƙaliya, akuya ta cinye shaidu." Har yau ban san wanne ne wanne ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Kaka ta rasu da rabin gonarta. Tanko ya daɗe bayanta, ya tsufa cikin jikoki, ya mutu a kan gadonsa, aka yi masa jana'izar da ƙauye bai taɓa gani ba. Da na iya karatu na nemo wurin a Littafi da kaina, ko tsohuwa ta rage wani abu. Na tarar ashe alkama ce ba gero ba, amma sauran duk yana nan. Wutar tana nan, sai dai a ƙarshe, kuma ba 'yan ƙwadago aka ba aikin warewa ba. Na ɗan huce da na ga cikin Zabura akwai masu irin zuciyata, suna ƙorafin mugaye suna ƙiba masu gaskiya suna ramewa. Amma su ma amsar da suka samu ita ce su jira. Ni kuwa jira bai taɓa zama abincina ba.

A nan Greensboro yawancin Hausawa Musulmi ne, mukan haɗu a shagon kayan abincin gida mu gaisa. Mu Kiristoci 'yan tsiraru ne, daga Kaduna da Filato da Katsina. Wata coci a unguwar Glenwood ta ara mana ɗaki muna sujada da Hausa ranar Lahadi da yamma. Sunan Alƙaliya bai biyo ni Amurka ba, amma halin ya samu biza. Duk wanda ya yi abin kunya a cikinmu, ni ce ta farko da ke cewa a dakatar da shi, kuma ba na ɓoye-ɓoye.

Ɗana Ishaya a nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma sai ya amsa da Turanci. Tun da ubansa ya rasu ya sauya. Ya bar kwaleji, ya kama aiki a wani sito a titin Wendover aka sallame shi, ya kwashi abokan da ban san iyayensu ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi azumi. Abu ɗaya ya rage da ke ɗaure shi da mu: shi ke kaɗa ganga a sujada. Ko ina ya kwana, ranar Lahadi zai shigo a makare, ya zauna bayan gangar nan. Na san ranar da aka raba shi da ita, na rasa shi ke nan.

Sai ga shi wata Asabar ya ɗauki motar zumuntarmu ba izini, ya ɗebi yara biyu wai za su sayo abinci, ya yi ta gudu har ya daki turken wutar lantarki. Luka, ɗan Mama Rifkatu, ya karye a hannu. Kotu ta yi nata, ta karɓe lasisinsa. Saura namu. Baba Dauda, dattijon da ke shugabantarmu, ya kira mitin a falonsa, maganar kuma guda ce, a hana Ishaya zuwa cikinmu ko a bar shi.

Mama Rifkatu ce ta fara. Ta ce, "Maman Ishaya, ba gaba nake da ke ba. Amma ni na kwana a imajensin asibiti da Luka. Ke ce kullum kike gaya mana wake ɗaya ke ɓata gari. Yau da waken ya fito daga tukunyarki, sai a canja doka?"

Ba ƙarya ta yi ba, kuma kowa a falon ya san haka. Na duba cikin kaina ko zan sami wata aya mai taushi, na tarar duk abin da na haddace tsawon rai na wuta ne da ambaliya. Ba abin da ya rage mini sai labarin da na fi tsana. Na ba su shi yadda Kaka ta ba mu, da gero, da shibra, da maƙiyi mai minshari, har da fasasshen tulu da akuya. Ina faɗa ina jin kamar tsohuwar tana gefe tana ɓare gyaɗa tana yi mini dariya.

Da na gama Baba Dauda ya cire tabarau ya ce, "Mun ji, kuma mun san wurin. Amma ke uwarsa ce, kin fi mu saninsa. Ki gaya mana tsakaninki da Allah, yaron nan gero ne ko shibra?"

Bakina ya buɗe zai ce gero. Wace uwa ce ba za ta ce haka ba? Amma na tuna abin da na tsinta a aljihun wandonsa, na tuna ƙaryar da ya yi mini yana kallon idona. Na kuma tuna yadda ya zauna a ƙofar asibiti yana kuka, ya ƙi tafiya sai da aka ɗaure hannun Luka. Na ce, "Baba, ni na haife shi, ni na goya shi, amma a wannan girman ni ma ban sani ba."

Mama Rifkatu ta ce, "In kuma shibra ce, namu 'ya'yan fa?" A ƙarshe aka yanke cewa ba shi ba makullin mota, ba shi ba fita da yaran kowa, amma a bar masa gangarsa zuwa bikin godiyar kaka, sannan a sake dubawa. Mama Rifkatu ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba, ban kuma ga laifinta ba.

An yi bikin godiya, an sake ɗaga maganar zuwa wani. Ishaya bai zama waliyyi ba. Ya samu wani aikin, wata rana ya tashi da wuri, wata rana sai na buga ƙofa kamar zan ɓalle ta. Har yanzu a makare yake shigowa sujada. Nakan zauna ina kallon hannuwansa a kan ganga, ina auna shi da ido yadda nake auna tsiron nan da yatsa.

Kada a ɗauka na huce. Har gobe ina jin haushin Tanko, ina kuma so in ji cewa wutar ta same shi. Wuta nake nema wa ɗan wata, haƙuri nake roƙa wa nawa, kuma wurin Mai gona ɗaya nake kai buƙatun biyu. Na san yadda abin yake a kunne, ba sai an gaya mini ba. Kaka ta gaya mini tun ina cin gyaɗar toka, na ɗauka ba'a take yi.

Da can in na durƙusa cewa nake Mai gona ya gaggauta girbi. Yanzu kuwa duk daren da na ji jiniyar motar 'yan sanda ta nufi Wendover, ɗakin Ishaya kuma ba kowa, roƙona guda ne. Ya bar mini yaron nan ya fitar da kai, ko me zai zama in gani da idona, ya kuma tsare mini shi daga akuya.