Gwadon Yaya Sale a Bakin Madatsa

Dudunni zuwa Kano

Ana kiran assalatu na ɗora wa jaki akumari. Shekara ta zagayo da aka aiko mana cewa sanyi ya kashe Yaya Sale a wurin aikin madatsar ruwa, can bayan Bukuru, inda diban gwamna, wato aikin tilas, ya kai shi. Inna ba ta ja da ƙaddara ba, abu guda ne ya hana ta barci. Ta ce, "Audu, ka tambayo mani, an yi mashi sutura, ko rami aka jefa shi?"

Na bar jakin a Kankiya wurin kawuna, na hau motar gyaɗa. Direba ya ce sule biyu. Na ce, "Haba, a kan buhu?" Ya ce, "Buhun ma ya biya." A tashar Kano na kwana.

Zariya zuwa Bukuru

Da safe na hau jirgin ƙasa, a Zariya muka sauya zuwa ƙaramin jirgi. Kai, wannan jirgi! In ya zo hawan dutse, tsoho mai sanda sai ya wuce shi. Sanyi kuwa har cikin ƙashi. Tun ban isa ba tausayin ɗan'uwana ya kama ni.

Madatsa

Daga Bukuru wuni guda na yi ina tafiya a ƙasa. Ni da na saba jan guga, sai ga kogi sukutum an tare shi da bangon da ya fi rimi tsawo. Mai gadin wurin, Malam Ilu, dattijo ne Bakatsine. Ya ba ni gwaten acca, ya ce da rani aka kautar da kogin, aka fasa duwatsu, mutane suka yi ta jidar tsakuwa da siminti a ka, don masu haƙar kuza su sami lantarki.

Na ce, "Baba, ka san Sale na Dudunni?"

Ya ce, "Mai farin gwado? Ni na wanke shi, yaro. Alawayyon likkafani ya yanke lokacin, sai muka naɗe shi da gwadonsa. Sahu uku muka yi."

Ya kai ni kabarin, na yi addu'a, na yi kuka. Allah ya saka wa Malam Ilu da alheri.

Gida

Da la'asar na iso. Ko ruwa ban sha ba na kwashe labari na faɗa wa Inna.

Ta ce, "Gwadon da na kaɗa zarensa?"

Na ce, "Shi, Inna."

"Alhamdu lillahi. Ashe ni na yi mashi sutura."

Washegari sai da na tashe ta sallar asuba.