Awon Zani Biyu

Jiya a asibitinmu na Damari wata mai jego ta jiƙa zani biyu da jini. Muka garzaya da ita gari, ta rayu. Sai na tuna marigayiya Malamarmu ta makarantar jinya, wadda ta koya mana wannan awo: in jinin haihuwa ya jiƙa zani biyu, akwai haɗari.

Wurin ungozomomi ta samo shi. Da ta rubuta bincikenta ta dawo ƙauye, ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma tana karanta musu da Hausa, kunun kanwa na huce a gabanta.

Innata, tsohuwar ungozoma, ta ce, "Hajiya, atamfa muka ce. Leshi ba ya shan jini."

Malama ta ciro biro ta gyara.

Allah ya kai mata ladan matar jiya har kabarinta.