Shekarar da Aka Hana Mu Taɓa Mama

Wata Asabar cikin kakar 1991, muna shanya citta a tsakar gidanmu a Kafanchan, na ga Mama ta sauke tukunyar pate daga murhu da hannu, ba tsumma. Fatar yatsunta ta saluɓe, amma ko uhm ba ta ce ba. Da Baba ya dawo hutun ƙarshen mako daga makarantar da yake koyarwa a Madakiya, ya daɗe yana duba hannun da fararen tabban da ke bayanta. Litinin ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti, aka ce kuturta ce.

Mama mai kitso ce, duk unguwa a gindin mangwaronmu ake layi. Kafin sati ya zagayo tabarmar ta zama wayam. A makaranta, in ana ƴar gala-gala ba mai kama hannuna. Mama ta fara shan ƙwayoyin magani, sai dai tarin da take yi, wanda muke ɗora wa hayaƙin itace, ya ƙi tafiya, tana ta ramewa har zani ya daina zama a ƙugunta. Ranar da ta tofar da jini Baba ya koma da ita. Likita ya sa aka gwada majinarta, ya ce da tarin fuka a ciki, shi ne ma mai saurin kisa. Aka ƙara mata allura kullum, aka ce a nisanta yara.

Aka kai mu Kachia wurin Kaka, ni da ƙanena Ishaya wanda ko yaye shi ba a yi ba. Ta taga Mama ta yi mana sallama. "Rifkatu, ki goya mini shi da kyau," in ji ta. Yaron ya ƙi kunu, ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Ni ma in na je rafi da shi a baya, kukan nake yi, ina roƙon Yesu kada ya ɗauke Mama.

Ta warke, ko da yake yatsu biyu sun lanƙwashe. Da muka dawo ta durƙusa ta buɗe hannuwa, Ishaya ya ruga ya ɓuya a bayana. Bai gane ta ba.

Yanzu ina ganin mata a asibiti suna karɓar maganin cututtukan nan da ƴaƴansu a goye, su koma gida tare. Nakan tsaya ina kallonsu har su sha kwana. Mu ba mu sami wannan ba.