Sandar da Afiniki Ta Ba da Aro

Afiniki na zaune a bakin ƙofa, ta kifa sandarta a cinya tana danna robar ƙasanta da babban yatsa, kamar yadda take yi kowace safiya kafin ta yarda ta ɗora mata nauyin jikinta. Shan inna ya ɗauke mata ƙafar hagu tun tana goye. Mahaifinta, kafinta ne a layin dogo na Kafanchan, shi ya sassaƙa mata wannan sanda da maɗaci lokacin da ta zama budurwa, ya buga mata guntun taya a ƙasa don kada taɓon damina ya yaudare ta. Ya rasu, sandar ta zauna. Da ita take zuwa shagon ɗinki, da ita take hawa matakalar majami'a ranar Alhamis, inda take buga tulun kiɗa a zumuntar mata. Duk abin da take ƙauna a duniya yana cikin wannan da'ira ta mata masu ɗaurin zane iri ɗaya.

A safiyar nan yatsanta ya sake bin wani tsagi da ya fito a gefen itacen. Cikin bazara matasa sun yi ta zuwa aron sandar, yau waɗannan, gobe waɗancan, wai za su yi fim. Takan ba su, ita ta dogara da wata ta ƙarfe, ba ta tambayar komai.

Shekarar casa'in da shida ce, bidiyo ya shigo gari, kuma wata ƙungiyar naƙasassu ta sa gasar gajerun finafinai. Alƙalai uku aka naɗa. Akwai Alhaji Mijinyawa mai shagon hayar kaset, wanda kakanninsa suka kafa rumfa a kasuwar nan. Akwai Baba Leonard, dattijon ikilisiyarsu, mijin Mama Emilia shugabar zumuntar mata. Ta uku ita ce Afiniki, kuma ta san kujerar tata ta ado ce. A irin wannan zama manya ke fara magana, mace ta ce ta yarda.

Ranar nan aka nuna finafinan a wata makaranta. An rufe tagogin ajin da zannuwa saboda hasken rana, janareto na tari a waje. Fim na farko ya fito: wani saurayi lafiyayye yana jan ƙafa, yana kuka a bakin hanya. Ta gane sandarta tun kafin ta gane fuskarsa. A ƙarshe aka yi masa addu'a, ya miƙe, ya wurgar da ita cikin ciyawa. Na biyu ma haka. A na matasan majami'arsu, wanda ya fi kowanne kyawun hoto da waƙa, sai da aka ɗaga sandar sama aka maka ta a kan dutse, mata suna guɗa. Afiniki ta sa hannu a kan tsagin. Yanzu ta san inda ya fito.

Mijinyawa ya karkato ya raɗa mata cewa sandar nan ta fi duk 'yan wasan iya wasa, ita ya kamata a ba kyautar. Ta yi murmushi kawai.

Na ƙarshe daga garin Manchok ya zo. Hoton na rawa, iska na cin maganar. Wata Hellen ce ta bi yayanta Meshak da kyamarar aro, gurgu na gaskiya, yana tsaga citta yana shanyawa a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Da sandarsa ya kori akuya, da ita ya kaɗo mangwaro, da ita ya nuna wa matarsa inda hadari ke haɗuwa, suka kwashe shanya suna faɗa suna dariya. Ruwa ya sauko, ya jingina sandar a bango, ya zauna cin tuwo. Fim ya ƙare. Ba wanda ya warke.

Da aka fitar da 'yan kallo, Baba Leonard ya yi magana a tsanake. Ya ce na majami'a ya fi tsari, kuma yana ba mutane bege, na Manchok kuwa kamar an manta a ƙarasa shi. Mijinyawa ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san wanda za a yi ta haya, amma bari a ji ta bakin mai sanda.

Tun tana yarinya ake ɗaukarta zuwa taron farkawa, a ɗora mata hannu, a ce ta tashi. Ta daɗe da daina jira, amma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Idan ta faɗa yau, zuwa yamma Mama Emilia ta ji, kuma za a ce bangaskiyarta ta yi sanyi. A ranta ta hango tulun a hannun wata.

"Baba," in ji ta, "wannan sanda babana ne ya yi. Ba Shaiɗan ba ne. Ni ina gode wa Ubangiji a kanta kowace safiya. Yaranmu sun jefar da ita, mutane suna halleluya, ni ina nan zaune. Wancan na Manchok, shi ne na ga kaina a ciki."

Baba Leonard ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ya miƙa hannu ta ba shi sandar, ya bi tsagin da farce.

"Yaranmu ne suka yi wannan?"

"Ba su sani ba, Baba."

Ya ce shi dai ba zai janye ba, ya gaskata Allah yana warkarwa, ƙuri'arsa na nan inda ya sa ta. Mijinyawa ya ce to shi ya bi Mama Afiniki, ko ba komai mutumin nan ya iya korar akuya. Biyu da ɗaya, Manchok ta ci. Suka ce ita za ta fita ta sanar.

Ta soma gyara zama don tashi, ba ta dubi dattijon ba. Shi ya zagayo teburin, ya tsayar mata da sandar a ƙasa, ya riƙe har ta kama.

"'Yar'uwa Afiniki, ranar Alhamis kada ki makara. Mamanku ta ce tulun ba ya magana a hannun kowa sai naki. Ki zo da wannan ma, akwai kafinta a layinmu, zai ɗaure ta da ƙarfe."

Ta ce to. Mijinyawa ya yaye zanen ƙofa, haske ya zubo a kan siminti, hayaniyar masu jira ta shigo tare da shi. Afiniki ta sa sandar a hammata, ta gwada robar sau ɗaya, ta fita.