Kwalin Ƙarƙashin Injin

Shekara talatin Mai Kwali ya yi yana raka mutane sayen tsofaffin motocin aiki. Ba ruwansa da fenti, ba ruwansa da rantsuwar dillali. Kwali yake shimfiɗawa a ƙarƙashin injin, ya sa a tayar da motar, ya koma gefe ya sha shayi. In ya gama sai ya jawo kwalin ya duba abin da ya ɗiga, ya yanke hukunci.

"Kada araha ta ruɗe ka," yakan ce. "Haɗa kuɗin saye da na gyara, ka ga shekara nawa suka rage mata ta yi maka aiki. In bai fita ba, a miƙa ta ga masu yankan ƙarfe."

Mutum ne mai ƙa'ida, ba ya barinta a gareji. Da matarsa ta kwanta ciwo aka ce sai an yi mata aiki, ya tambayi likita cikin ladabi shekara nawa aikin zai ƙara mata. Likita ya ce ba shi da tabbaci. Mai Kwali ya yi godiya, aka dawo da ita gida, ba ta kai ƙarshen shekara ba. Babban ɗansa ne ya tuƙa su zuwa da dawowa.

Bayan shekaru ɗan ya sayo tsohuwar tifa don jigilar yashi, bai gayyaci ubansa ba. Duk da haka tsohon ya rarrafa ya shimfiɗa kwalinsa.

"Injin ya gama yawo. Amma jikinta garau. Canja shi, za ta yi maka shekara goma."

Injin ya buga a watan da fitsari ya fara ƙwace wa Mai Kwali. Asibiti suka ce sai an yi aiki. Abin da ke hannun ɗan kuwa ɗaya zai ɗauka, ko injin ko uba.

Ɗan ya shigo ɗakin uban da hantsi, ya durƙusa ya gaida shi yadda ya kamata.

Mai Kwali ya gyara zama. "Ka ga idona ras. Haƙorana uku kawai suka fita. Jiya ma har bakin titi na taka, ko sanda ban riƙe ba."

"Baba, ka koma dillali ke nan?"

"Kai, ɗan nan! Ni na haife ka fa."

"Shi ya sa na bi abin da ka koya mini. Kai ka ce tifa za ta yi shekara goma. Na tambayi likita kai nawa za ka yi, ya ce ba shi da tabbaci."

Tsohon ya laluba maganar ta ko'ina, yana neman inda take yoyo. Bai samu ba.

Da la'asar matar ɗan ta shigo tana toshe hanci da gefen mayafi. "Sannu, Baba. Ɗaga ƙafa kaɗan." Ta tura kwali ƙarƙashin gadonsa don kada siminti ya ɓaci. Kwalin da aka naɗo sassan sabon injin ne.

Bayan kwana uku aka tayar da tifar a ƙofar gida. Mai Kwali ya kasa kunne daga kwance. Ba ƙara, ba tari. Yaron ya yi saye mai kyau.

Sannan ya miƙa hannu ya jawo kwalin, ya kai shi wajen hasken taga, ya daɗe yana dubawa.