Yaya, Kin Hana A Kira Ni

Allah da Ya ba mu ke, Shi Ya karɓi abinSa, Yaya, ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a gadon asibiti. Ni kuwa ban ji ba sai ranar Juma'a. Ina daji a lokacin, a makon ƙarshe na horon da ake yi wa ma'aikatan jinya na soja, wayoyinmu duka suna kulle cikin akwatin ƙarfe a tantin kwamanda.

Yau kwana tara da dawowata, kuma na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in fito tsakar gida, in na fito sai ƙafata ta kai ni shagonki, in tsaya gaban keken ɗinki ina kallon rigar da kika bari, hannu ɗaya a haɗe, ɗayan yana jira. Mama ce ta ce in rubuta wani abu ko zuciyata za ta lafa. Ga shi ina rubutawa, ko da yake sau uku ke nan ina ajiye biro ina miƙewa.

A bara na faɗi a wannan horo, kin fi kowa sani. An ce kowa ya saɓi abokinsa a kafaɗa kamar wanda ya ji rauni, ya kai shi bayan tudu cikin minti huɗu. Na durƙushe da nawa a rabin hanya. Da na dawo gida na tura jakata ƙarƙashin gado, na ce na haƙura, zan koma asibitin bariki in riƙa miƙa magani ta taga. Kowa ya ce gara haka, mace mai ƙaramar 'ya me take nema a daji. Ban da ke. Washegari da safe na fito na tarar da ke kwance a tsakar gida, ido a rufe.

“Auta, an harbe ni a cinya. Zo ki ɗauke ni.”

“Yaya, don Allah ki tashi, maƙwabta suna leƙowa.”

“Su leƙo. In kika iya ɗaga wannan jikin nawa, babu ƙaton sojan da zai gagare ki.”

Wata biyar muka yi a haka. Kowace safiya kafin ki buɗe shago, sai na saɓe ki daga ƙofar gida zuwa bakin famfo, na dawo, na sake komawa, kina rataye a kafaɗata kina duba agogo. Ragowar ƙyallayen ɗinki kika yayyanka suka zama bandeji. Ina ɗaure miki cinya har ƙafar ta mutu, ba ki taɓa cewa in sassauta ba, sai dai ki ce majinyacin nan fa yana son shayi. Sau biyu na kayar da ke. Kika tashi kina ɗingishi kika ce a sake.

Da lokacin komawata ya yi, kika karɓi 'yata kika haɗa da naki. Kika ɗinka mini ƙananan aljihuna cikin jakar aiki, domin hannuna ya riƙa samun almakashi ko ban duba ba. A bakin ƙofar sansani, ranar da aka kai mu, kin bi iyaye da matan abokan horona ɗaya bayan ɗaya kina karɓar lambobinsu. Sai yanzu nake jin cewa duk Asabar a shagonki suke taruwa, wanda ya samu labari ya ba sauran. Matar wani abokin aikina ta zo gaisuwa da jariri a goye, ta ce ke kika raka ta asibiti ranar haihuwa, kika riƙe hannunta har aka gama.

Ranar ziyara na ga ƙafafunki sun kumbura. Na tambaye ki, kika ce zaman keke ne. Ni da aka koya wa gane ciwo tun daga tafiyar mutum, na karɓi wannan amsa, domin ita nake son ji. Wannan shi ke hana ni sukuni.

Mijinki ya gaya mini kwana goma sha ɗaya kika yi a asibiti. Yana da lambar da aka bayar don gaggawa, har ya ciro waya. Kika kama hannunsa kika ce, “Duk wanda ya kira ta ban yafe ba. Saura mata kaɗan.”

Ranar Juma'a na kai abokina bayan tudu cikin minti uku da rabi. Ban ko kwance takalmi ba na ruga inda ake raba wayoyi, don ke ce farkon wadda zan kira. Kafin layi ya zo kaina aka ce kwamanda yana nemana. Na shiga na ga ya cire hula ya ajiye a kan tebur, ya ce in zauna.

Na ji haushinki, Yaya, ba zan ɓoye ba. Da kin bari na zo, ko ruwa ne na ba ki da hannuna. Amma na san ki: da za a maimaita, haka za ki sake yi. Na yafe miki wannan ɓoyo. Ina fata ke ma kin yafe mini tambayar da ban sake yi ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta jure a ɓoye ya zama kankarar zunubanta. Duk wanda Ka ƙaddara zai rayu ta hannuna, Ka rubuta mata ladan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta binne 'yarta ta fari, da mijinki, da 'ya'yanki uku, da matan da suka saba zuwa shago ranar Asabar. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya raya abin da kika bari, Ya sada mu da ke a Aljanna. Amin.